Gaiwar da Ta Amsa

Damina uku ke nan tafkin bayan Adabka bai cika ba. Dabo ya tsaya a tsakiyarsa, inda da ruwa ke kai masa wuya, yana taka busassun ƙwanson katantanwa. Kaguwa kam tun farin shekarar saba'in da uku ta ɓace. Gaiwa kaɗai ta rage, ita da ke binne kanta cikin laka ta jira ruwa.

Yadda ubansa ya koya masa haka ya yi. Ya tsiyaya ruwan gora a tsagar ƙasa, ya kara kunne. In gaiwa ta ji danshi sai ta zaci damina ce, ta yi ɗan gurnani, mai haƙa ya san inda take.

Tsaga tara ya gwada, shiru. Matarsa Kulu ce ta ɗebo ruwan nan tun daga rijiya mai nisa, kuma da zai fito sai da ta ce, "Malam, in ƙasa za ka ba, gara ka bar muna mu sha."

A ta goma wani abu ya amsa, can ƙasa-ƙasa.

Ya haƙa har kafaɗunsa suka mutu. Ya zaro gaiwar, siririya kamar igiya, ta cinye jikinta saura kai. Tana buɗe baki tana neman sauran ruwan.

Dabo ya daɗe yana kallonta kafin ya jefa ta a buhu. Shekara uku tana jira, kuma ruwan farko da ya iso mata na ƙarya ne.