Rabin Ledar Ɗanladi

Mati da Ɗanladi masunta ne a Warra. Jirginsu ɗaya, dokarsu ma ɗaya: duk abin da ya shigo hannun ɗayansu, a raba biyu. Kifi, goro, har faɗan da sarkin ruwa ke yi musu.

Wata rana ƙayar kifin kurungu ta soki Mati a tafin ƙafa. Ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da jan koma. Kafin mako ya zagayo ƙafar ta kumbura, jikinsa ya ɗau zafi, har ya soma ce wa Ɗanladi Inna. Ɗanladi ya sa shi a mota, sai ɗakin gaggawa na wani asibiti a Yelwa.

Likita ya duba, ya ce yana zargin ƙwayoyin cuta sun shiga jini. Nas Fauziyya ta ɗebi jini domin awo, nan take ta rataya ledar ruwa mai magani.

Ɗanladi ya tsaya yana kallon ledar. Tana kaiwa rabi, ya sa yatsu ya matse robar da ruwan ke bi.

"Malam, me kake yi?" in ji Fauziyya.

"Rabonai ya ƙare, malama. Saura nawa."

"Kai lafiyarka lau."

"Jikina da ɗan ɗumi."

Ta taɓa goshinsa. "Rana ce. Maganin nan ba goro ba ne. In aka ba mai lafiya, ƙwayoyin cuta su saba da shi, ran da ake nemansa ya ƙi ci. In aka ba Mati rabi kuwa, ƙafar za ta tafi, wataƙila da mai ita."

Mati ya buɗe ido da ƙyar. "A ba shi. Doka ta."

Ruwan dai ya tsaya, likita kuma yana can kan wani. Fauziyya ta jawo tire.

"To. Amma yadda aka yi wa Mati za a yi maka. Jini tukuna. Miƙo hannun nan."

Ta zaro allura daga leda. Ɗanladi, wanda ya taɓa fid da kada daga koma da hannu, ya dube ta tun daga gindi har tsini. Yatsunsa suka saki robar da kansu, ya kai hannuwan biyu bayansa.

"Na yahe mashi," ya ce.

Ruwan ya ci gaba da ɗiga. Mati ya shanye maganinsa duka, ya koma Warra da ƙafafunsa biyu. Kunun da matarsa ta riƙa aikowa asibiti kuwa, ko ludayi bai gani ba. Ɗanladi ne ya shanye, ya ce diyya ce.