Kwalabe Uku a Tagar Manaja

Shekara ashirin da biyu Mama ta yi tana girki a makarantar kwana kafin gwiwoyinta su ce sun gaji da tsayuwa gaban murhu. Da ta bar can sai ta samu aiki a gidan kiwon kifin ado, irin kifayen nan masu launi da ake zubawa a akwatin gilashi a yi ta kallo, ba a ci. Aikinta shara da goge ƙasa da wankin bokitai. Shekara uku tana yi babu wanda ya taɓa cewa ga laifinta, sai ranar da Manaja ya tara ma'aikata a tsakar gidan ya ce ita ke kashe ƴan gishiri.

Ƴan gishiri kuwa wasu ƙananan jatan lande ne da ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri, kuma su ne abincin kifayen. In sun ƙyanƙyashe da ƙyar ido ke ganinsu, amma in sun samu kulawa, cikin mako biyu sai su kai tsawon ƙwayar shinkafa, su fara haihuwa da kansu. A wani ɗaki mai rufin kwano ake renonsu, cikin faffaɗan tankuna huɗu marasa zurfi. Mai kula da ɗakin wani ma'aikaci ne da kowa ke kira Digiri, domin ba ya gama magana bai ambaci jami'ar da ya yi ba. To, wata biyu ke nan ƴan gishirin Digiri sun ƙi girma. Sun tsumbure, sun yi jawur, sababbin da ake zubawa kuma kwana uku sai a ga sun kwanta a gindin tanki.

Digiri ya ce sabulu ne. Wai Mama ba ta ɗauraye bokitai da kyau, ragowar kumfa ke bin ruwa tana kashe su. Manaja, da yake mutum ne mai son a ba shi amsa da wuri ya huta, ya hau kai ya zauna. A gaban direba da masu ba kifi abinci da mai gadi ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, amma ƙarshen watan nan ki ajiye mana tsintsiyarmu."

Saura mako biyu ke nan. Aikin na da muhimmanci, don maigidanta tela ne da ido ya hana shi ɗinki, abin da take kawowa shi suke ci. Amma wallahi ba korar ce ta fi ƙona mata rai ba. Ƙazanta aka jingina mata, ita da ta wanke tukwanen yara ɗari shida shekara da shekaru ba a taɓa kai ko ɗaya asibiti saboda girkinta ba. 

Da ta koma gida ta zayyana wa tsohon, ya ce, "Ni dai shekara arba'in ina cin abinci a kwanonki ban taɓa yin kumfa ba." Ta harare shi. Ya gyara zama ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza, tsohuwa. Ki buɗe idonki a ɗakin nan."

Washegari ta buɗe shi kuwa. Tana goge ƙasa ta lura da wani farin ɓawo da ya kewaye bakin tankunan, wanda da can farce ke kankare shi, yanzu sai da wuƙa. Can sai ga Digiri ya shigo da bokiti. Ɗakin kwano ne ga zafi, ga injin hura iska yana ta ɓulɓula ruwan, kullum sai ruwan ya ja baya da kamar faɗin yatsa. Digiri ya auna gishiri a sikeli tsaf, ya dama a bokitin, ya cike tankin zuwa layinsa, ya fita yana fito. Haka yake yi kowace safiya, a gaban idonta, ita ce dai ba ta taɓa sa abin a ranta ba.

Ta tsoma yatsa a ragowar bokitin ta lasa. Gishiri ne, amma na hankali. Ta tsoma a tankin ta lasa, sai da ta runtse ido ta tofar. Harshenta har zafi yake.

Ba ta tsaya ajiye tsumma ba ta nufi ofis, ta tarar da Manaja da Digiri. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba sabulu ba ne. Gishiri ne ya yi musu yawa."

Digiri ya yi dariya. "Haba Mama. Giram talatin da biyar a kowace lita, da sikeli nake aunawa. Ko sau ɗaya ban taɓa kuskure ba."

"Bokitinka daidai yake, ɗan nan, tankinka ne ba daidai ba. Zafi ruwa yake sha, ba ya shan gishiri. Miya in ta ƙafe a wuta ruwa ake ƙara mata, wace mace ce za ta ƙara gishiri? Kai kuwa wata biyu kullum kana ƙarawa."

Manaja ya dubi Digiri ya ce ina na'urar gwada gishirin ruwa. Digiri ya tuna masa ta fashe tun bara, an ce za a sayo. Sannan ya juyo da muryar malamin aji ya ce ko da gishirin ya taru ai ba komai, sunansu fa ƴan gishiri, a tabkunan da suka fi teku gishiri suke zaune.

Mama ta ce, "Zama daban, jin daɗi daban. Ni ban yi boko ba, amma gani ya kori ji. A ba ni kwalabe uku."

Ga yadda ta tsara abin, kuma ta tsara shi yadda babu ƙofar da za a ɓullo mata. Ita za ta wanke kwalaben ukun da sabulun nan dai da ake zargi, yadda ta saba. Digiri da hannunsa zai zuba ruwan bokiti a ta farko, rabi bokiti rabi tanki a ta biyu, ruwan tanki zalla a ta uku. Shi zai ƙirga sababbin ƙyanƙyasa ashirin ashirin ya saka, shi zai riƙa ba su abincinsu na yis ɗin burodi. A ajiye su a tagar Manaja, ita ko taɓawa ba za ta yi ba. In sabulu ne, duk ukun za su mutu, ta tafi tun kafin wata ya ƙare. Digiri ya amince nan take, don ya tabbata zai sha dariya.

Kwanakin nan sun yi wa Mama tsawo. Abokan aiki suka koma gaishe ta daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka riga aka yi wa ban kwana. In ta shiga goge ofis sai ta saci kallon tagar. Kwana huɗu, kwana biyar, ba ta ganin komai sai ruwa mai ɗan duhu a duk kwalaben. Tsoro ya kama ta sosai. In fa harshen nata ya tsufa? In fa yaron da gaskiyarsa, ita ce za ta ƙara wa kanta kunya a kan kunya? A kwana na takwas ta ga wani abu yana wulgawa a kwalbar farko, ta yi sauri ta sunkuyar da kai kada a ga fuskarta.

Ranar kwana goma sha biyu ta zo da tef ɗin awon maigidanta a jaka. Shi ya ba ta, ya ce a auna masa ƴan gishirin da kyau ko za su buƙaci riga. Manaja ya sauke kwalaben kan tebur, Digiri ya tace kowace a farin faranti.

Farantin farko ya cika da motsi. Goma sha bakwai suka ƙirga, suna iyo a rigingine, ƙafafuwansu na kaɗawa ba hutu, wasu matan har sun ɗauki ƙwai. Manaja ya kara tef ɗin a gefe, kusan santimita guda. Na biyu goma sha ɗaya ne, tsawonsu bai kai rabin na farko ba. Na uku sai da suka sunkuya suka nema. Uku ne suka rage, jajaye, kowanne bai fi kan allura ba.

 Digiri ya ɗauki farantin na uku ya kai taga ya duba, ya dawo da shi, ya sake dubawa, kamar za su ƙaru. Ita kuwa Mama sai ta saki murmushi. Daɗi ta ji, daɗin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba, kuma ba ta ɓoye shi ba.

Manaja ya yi gyaran murya ya tura ƙofa ya rufe. "To, Mama, ai shi ke nan. Maganar nan ta wuce, ki ci gaba da aikinki."

"Ranka ya daɗe, na gode. Amma ba a ɗakin nan aka ce ni ƙazama ce ba."

Manaja ya ajiye biron hannunsa. Sannan, a yaba masa, ya miƙe ya sa aka kira kowa tsakar gida, har mai gadi. Ya sa aka jera farantan uku a kan benci kowa ya leƙa. Ya ce ya zargi baiwar Allah nan a kan abin da ba ta yi ba, yana neman gafararta, kuma daga yau ba a zuba komai a tankunan nan sai ta gani. Direba ya fara tafi, sauran suka ɗauka. Digiri ya matso kansa a ƙasa, ya rusuna ya ce, "Mama, ki yafe ni. Na so na raba ki da abincinki a kan kuskurena."

Ta ce, "Na yafe. Tashi, aiki na jiranmu. Kuma ba a lokaci ɗaya za mu sassauta ruwan ba, kaɗan kaɗan, kada mu firgita waɗanda suka rage."

Suka shiga ɗakin kwanon tare. Digiri ya jawo tiyo daga famfo ya saki ruwa a hankali cikin tankin farko, ita tana tsaye ta riƙe ƙugu. Bayan ɗan lokaci ya lanƙwasa tiyon ya ɗago ya dube ta.

"Mama, ya isa na yau?"

Ta tsoma yatsa ta lasa, ta juya shi a baki ba gaggawa, duk ma'aikatan sun cika bakin ƙofa suna jiran abin da za ta ce.

"Ƙara kaɗan," in ji ta.