Aku a Kujerar Manya

Shekara goma sha tara Aku ya yi yana sharhin ƙwallo a gidan rediyo, a wani ɗaki mai fanka ɗaya da ba ta juyawa sai an zungure ta da rula. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Alƙalin wasa bai tsira ba, koci bai tsira ba, shugaban hukumar ƙwallo ta ƙasa da ƙasa kuwa da shi ake rufe shiri kullum. "Wannan dattijo," in ji Aku, "ko ƙwallo da kabewa ba zai bambance ba."

Kwatsam sai ga takarda, wai hukumar ta ɗauke shi mataimakin sakatare. Matarsa ta karanta sau biyu, ta ce, "Maigida, anya ba kiranka suke yi su rama ba?"

Ya tafi dai. Aka ba shi ofis a hawa na tara, da kujera mai juyawa, da taron da ba ya ƙarewa. Babban sakatare ya gindaya masa doka guda: a filin wasa jami'i ba ya tafi, ba ya tsaki, ba shi da ƙungiya.

Ranar wasan ƙarshe aka zaunar da shi dab da shugaban. Aku ya zauna a kan tafukansa, ya cije leɓe. Minti goma ya daure, sannan bakin ya ƙwace, ƙasa-ƙasa: "Mai lamba bakwai ya karɓa, ya yanke ɗaya, ya yanke biyu, ya buga wa tsuntsaye."

Shugaban ya juyo.

"Ɗana, ɗaga murya kaɗan."

"Ranka ya daɗe, suɓutar baki ce."

"Ci gaba da suɓutar. Shekara shida ke nan ba na ganin komai a filin nan sai kore. In mutane sun tashi in tashi, in sun zauna in zauna."

Aku ya gyara zama, ya saki baki. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya yi ƙarfin hali ya tambaya ko shugaban ya taɓa jin shirinsa.

"Direbana ba ya canja tasha," in ji dattijon. "Lauyoyi suka ce a kai ka kotu. Na ce kotu ba ta rufe baki, kujera ce ke rufewa."

Saura minti uku a tashi, ƙwallo ta faɗa raga. "Ta shiga," in ji Aku, tun kafin ya dubi mai tuta. Shugaban ya miƙe tsaye shi kaɗai yana ta tafi, yana murmushi, alhali satar gida ce, an soke ta. Kyamara ta daɗe a kansa.

Washegari jaridu suka ce shugaba ya fito da ƙungiyarsa fili. Aka nemi wanda ya san 'yan jarida ya rubuta musu raddi, aka ajiye wa Aku takarda da biro. Har azahar yana neman jimlar farko.