Wutar da Yaya Ila Ya Hura

Ni Sakinatu, wai ni ce mai aljanu! Dalili kuwa, ranar Laraba aka yi ta kwaɗa mini kira ban amsa ba, har akuya ta cinye geron da na shanya. Ina zaune a gindin aduwa, ina karanta littafin da marigayi mijina Mato ya rubuta da ajami a kan hanyar Agadas.

Yayana Ila shi ne maigarin ƙauyenmu, gabas da Falanko. A shekarar nan 'yan gudun yaƙin Borno sun cika ƙasar Damargu, har da wani ɗan dabo mai 'yan tsanan itace. Yaya ya ce in je kallo in sami sanyin zuciya, na je. Mutumin ya shige ƙarƙashin riga, ya ɗago raƙumin itace, wai ayari ne a hamada. Raƙumi kamar muciya! Mutane suna dariya, suna cinikin goro, wata tana ba ni labarin ciwon ƙafarta. Ko ƙishirwar da littafin Mato ke sa ni ban ji ba.

Da na dawo, sai na tarar Yaya ya hura wuta a tsakar gidana, littafin yana hannunsa.

"Takardar nan ta shiga kanki," in ji shi. "Yau zan raba ku."

Wallahi abin da Mato ya bar mini ke nan. Amma ban durƙusa ba.

"Yaya, allo ɗaya muka yi a gaban Baba. Karanta warƙa guda. In na kira ka ka amsa, ni da kaina zan jefa shi a wuta."

Ya yi tsaki, ya zauna a kan turmi. Na buɗe masa wurin da ayarin su Mato ya ɓata hanya, salkunan ruwa suka bushe, suka yanka raƙumi don ruwan cikinsa.

Na bari ya yi nisa. Na ce, "Yaya." Shiru. "Maigari!" Shiru. Sai leɓunansa ke motsi, yana lasarsu kamar mai azumin bazara. Na kira sunan da ban taɓa kira ba tun da aka naɗa masa rawani: "Ila!"

Ko gezau. Ya juya warƙa ta biyu, ya juya ta uku. Ta huɗu ce na dafe da tafin hannuna.

Ya ɗago a firgice, idanunsa jajur. "Ke, ɗauke hannunki! Sun sami rijiyar?"

"Au, tambayata kake?" Na tura masa itace cikin wutar da ƙafa. "Ga ta nan tana ci. Ƙone shi, Yaya, ka zauna da ƙishirwarka."