Wani Manomi

…wannan ma ta ruɓe. Daga waje ja jawur, sai na latsa wuyanta na ji laushi. Gefe. Wannan lafiya. Wannan… Inno, hannuna ne kawai ke tsintar albasar nan, ni ba na nan. An kira La'asar, Baba ya tafi masallaci, ya bar mini tabarmarsa a shimfiɗe a zaure da magana guda. "In na dawo ki karanto min shi da Hausa, Hidaya, in ji abin da kir rubuta har mutanen Habuja sunka zaɓe ki."

Raka'a huɗu. Minti nawa ne raka'a huɗu? Liman ya tsufa, yana jan sujada. Allah Ya sa yau ya ja ta sosai.

Mutum goma sha biyu suka ɗauka a duk ƙasar nan, Inno. Ƙungiya ce ta masu kare haƙƙin talaka. Wata tara za su horar da mu — yadda kukan ƙauye ke zama takarda, takarda ta shiga majalisa, ta fito doka. Ni, 'yar Jiga Birni, mai warin albasa har a mayafi. Sau uku ina cika irin fom ɗin nan a kafen intanet a Jega, janareta na kuka, ina zuba musu manyan kalmomi, dimokuraɗiyya, ci gaba mai ɗorewa… ko sannu ba wanda ya ce mini. Na huɗun ne suka yi tambaya ɗaya tak: ba mu labarin wani zalunci da kika gani da idonki.

Sai na ba su ke.

Ban nemi izininki ba. Ina zan same ki? An ce kun yi wajen Sarandosa, can ƙasar Maiyama, daga baya aka ce kun wuce. Shekara goma sha biyar… Kina raye ma kuwa?

Ƙamshin hayaƙi da man shanu. Ƙwaryar nono a kanki ba ki riƙe ba. Mahaifiyata ta kwanta ciwo bayan haihuwata, ruwan nono ya ƙafe, ke kika ɗauke ni — ni a dama, ɗanki Anas a hagu. Har na yi wayo kina cewa ni ce mai haɗama, na fi Anas ja. "Ɓingel am," ɗiyata. In an gama girbi, shanun mijinki Yari su kwana a gonar Baba, su bar masa taki, shi kuma ya ɗora muku damin gero a jaki. Ba takarda, ba shaida. Haka aka taras.

Da yamma shanun su gangara mashaya ta burtali, wannan hanyar tasu mai shingen aguwa dama da hagu. Farare, a hankali, ƙaho na kaɗawa… Jiya da rana na yi gyangyaɗi na gan su a Abuja. Wallahi. Doguwar baranda mai sanyi, tayil na ƙyalli, ni da katin shaida a wuya, ga shanun Yari suna tafe a jere, ba mai kora, ba mai tsayar da su. Suka shiga lif ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa hawa lif ba, amma a mafarkin na san inda ake dannawa. Wata mata mai tabarau ta ce mini, rubuta musu hanya. Na duba hannuna, ba biro, sai albasa.

Gefe. Wannan ta fara tsiro.

Wani manomi. Haka na rubuta da Turanci — wani manomi a ƙauyenmu. Albasa ta yi daraja, manyan motoci suna layi a Aliero, injin ban-ruwa ya shigo fadama. Ita kuwa aguwa ba ta da wuyar sha'ani, ka sare reshe ka soka a ƙasa, ta kama. Sai wani manomi ya riƙa sare shingensa yana sake dasa shi gaba kaɗan. Bana kaɗan, baɗi kaɗan. Ba wanda ya ga ranar da aka ci burtali, kowa dai ya wayi gari ya ga saniya biyu ba sa iya jerawa. Ran nan wata karsana ta miƙa wuya ta tsinki ganye. Aka kai ƙara. Aka ce shanu sun yi ɓarna.

Wani manomi yana da hula zanna wadda ta koɗe. Wani manomi shi ya goya ni a keke ranar da aka sa ni firamare, yana ta gargaɗin kar in sa ƙafa a wayar taya. Shi ya tsaya ya ce sai na yi jami'a, 'yan'uwansa na dariya. Da albasar wace kunya na yi karatun, Inno? Kar ki amsa.

Kwana uku ke nan bai zauna ba. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa wa dillalai, har direbobin Kudu da ba su san ni ba ya tsayar, ɗiyarsa za ta Abuja gyaran doka. Bakinsa har kunne. Ban taɓa ganin Baba haka ba, kuma ina son sa, ina son sa har ƙirjina na ciwo.

Ba ya jin Turanci. Ko kalma ɗaya. Zan iya riƙe wayar nan in kalli rubutun in ce masa a kan rijiyar burtsatse ne. A kan 'yan mata da makaranta. Zai gyaɗa kai, ya ce madalla, ya sa mini albarka, in hau mota da albarkar a jaka… Wa zai sani? Su na Abuja ba su san shi ba, shi bai san su ba. Ni kaɗai ce gadar.

To in na yi haka, me zan je koyo? In zauna a sanyin ofis ina koya wa gwamnati faɗin gaskiya? Ni?

In kuma na karanta yadda yake — fuskar nan. Murmushin nan ya sauka a gabana, a kan tabarmarsa, a zaurensa. Ya ce ba inda za ki. Ko ma kar ya ce komai, wannan ya fi ba ni tsoro. Tsuntsun da ya ja ruwa… ai ni na ja.

An sallame. Ga muryoyi a lungu. Ga tarinsa, na san shi cikin tari dubu.

Yana cire takalmi. Yana zama, gwiwa na ƙara. Casbi a hannu. "Bisimilla."

Wayar ta yi nauyi. Rijiyar burtsatse, Hidaya, ce rijiyar burtsatse… Bakina ya buɗe, abin da ke fitowa daban. Akwai wani manomi a ƙauyenmu. Muryar kamar ba tawa ba, kamar daga rediyon maƙwabta. Aguwa. Burtali. Karsana. Ba na ɗaga kai. Casbin ya daina motsi, ina jin rashin ƙararsa. Ina ci gaba, layi bayan layi, har na iso wajen da na fi alfahari da shi, wanda na tabbata shi ya sa suka ɗauke ni: makiyayin bai ce uffan ba, ya tattara iyalinsa ya tashi shiru, domin talaka ya san ba mai sauraronsa.

"Dakata."

Na dakata.

"Wurin ga ba daidai na ba. Yari bai tashi shiru ba. Sau ukku yaz zo zauren ga yana sallama. Ni na niƙ ƙi hitowa." Yana kallon bakin ƙofa, ba ni ba. "Gyara shi. Kar ki kai ma mutane ƙarya."

Sau uku… Zauren nan. Sallama daga waje, sanda a kafaɗa, malafa. In baƙo ya yi sallama, maigida bai son fita, ai yaro ake aikawa. Wata yarinya 'yar shekara tara, da kitso sabo, tana fitowa da gudu, tana jin daɗin an aike ta — wai ba ya nan. Gobe ma, wai ba ya nan. Ya duƙa daidai tsawonta, ya daɗe yana kallonta, ya ce to, ki gaishe shi.

Inno… ya gaya miki wadda aka aiko?