Leda ta Uku

Ban taɓa son Dakta Abdurrahim ba, kuma ban ɓoye masa ba. Shekarata ashirin da uku ina miƙa wa likitoci kayan aiki a ɗakin tiyata a nan Dutse, babu wanda ya taɓa bin hannuna da ido sai shi. Ya dawo daga karatun ɗinkin jijiyoyin jini da girman kan da ya fi ƙarfin wuyansa, ya kafa mana doka: kada a farke ledar zare sai ya karanta rubutun jikinta da kansa. Ni da nake farke zare tun yana wasan ƙasa. Mu kuwa yadda muka saba, kafin likita ya gama wanke hannu na farke komai na jera a faranti, ya shigo ya tarar da aiki yana jiransa.

Ranar Talata aka kawo mana Malam Gwadabe, makiyayi daga wajen Jahun. Babbar jijiyar jinin cinyarsa ta toshe, yatsun ƙafar har sun fara baƙi. Za a ɗinka masa bututun roba ya kewaye wurin da ya toshe, jini ya samu hanyar sauka, in ba haka ba sai yanke ƙafa. Irin wannan ɗinki zarensa daban ne, shuɗi, siriri kamar gashi, wanda ba ya narkewa a jiki, domin roba ba ta haɗewa da nama, zaren ne kaɗai zai riƙe ta har ƙarshen rayuwar mutum. Babu shi a sito, sai aka rubuta wa Afra'u, 'yar Malam Gwadabe, takarda, ta sayo leda uku a kemis.

Da safen nan likitan ya yi mini tsawa a gaban ma'aikata a kan yadda na ajiye faranti. Zuciya ta kawo mini iya wuya. Yana can yana wanke hannu na sa aka farke ledojin uku, na jera zaren, aka watsa ledojin a kwandon shara.

"Ina ledojin, Sista Indo?" ya tambaya da ya shigo.

"Suna inda shara take zama, Likita."

Ya tsaya yana kallona ta saman takunkumi, ni ma ban sauke ido ba. Mai ba da maganin barci ya ce lokaci yana tafiya. Likita ya ɗaga zaren ya duba launinsa, ya ja tsaki, ya kama aiki. Awa uku muka yi babu mai ce wa ɗan'uwansa uffan, sai dai ya buɗe tafin hannu na dangwara masa abin da yake so. Da aka saki jini ya bi bututun, ƙafar ta yi ɗumi. Ya fita ko sannu bai ce mini ba.

Ka'idar aiki ce a ƙirga alluran da ke jikin zaren a gwada da ledojinsu, don haka dole na tona kwandon. Biyu daidai suke. Ta uku lambarta ɗaya da su, launin zaren ma ya yi kusa, amma an rubuta a jikinta cewa mai narkewa ne. Da alama biyu mai kemis yake da su, ya cike da abin da ya samu. Kuma na san inda zaren nan ya tafi, ni na miƙa shi: haɗin ƙasa, kusa da gwiwa. Nan da 'yan watanni zai narke, bututun ya saki, ƙila Malam Gwadabe yana tsakiyar daji bayan shanunsa.

Babu wanda ya gani sai ni. Ba zan yi ƙarya ba, aljihu na cusa ta na fito. A baranda Afra'u ta kama hannuna da hannu biyu tana ta zuba mini addu'a, ta ce babanta ya motsa yatsu. Kunya ta kama ni. Na zare hannuna na wuce ofishin mutumin da na fi ƙi a asibitin nan, na ajiye masa ledar a kan tebur.

Sau biyu ya karanta. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce in sa a nemo zaren gaskiya a wani kemis, a sake shirya ɗaki, yau ɗin nan zai buɗe ya canza ɗinkin, dattijo mai ciwon suga zai sha maganin barci karo na biyu saboda taurin kaina. Kafin nan kuma in je in gaya wa 'yar dattijon dalili da bakina.

Na je. Afra'u ta saurara, idonta ya kawo ruwa.

"Inna, ni ce na sayo ba daidai ba?"

Da na ce e, da ta yarda, ta tafi da abin a ranta har abada.

"A'a," na ce. "Aikina ne in bari a karanta kafin in farke. Na ƙi ne don ina fushi da likita."

Afra'u ta miƙe, ta tare Dakta Abdurrahim a ƙofar tiyata, ta nuna ni da yatsa.

"Likita, ka shiga da babana. Amma matar nan kada ta ƙara taɓa shi."

Ya ce to. Aka tura gadon ciki, aka rufe ƙofa, ina tsaye a waje.