Jalo Ya Ce To

"Ai ya ce ya daina, Mama," in ji Sista Christiana, tana naɗe abin awon jini. "Kin ji da kunnenki."

Na ji. Jalo maƙwabcina ne a Gwallaga, gemunsa har da furfura, amma hankalinsa na ƙaramin yaro. Ni da ƙanwarsa Azumi muka kawo shi asibiti, don a ba shi gado a raba shi da tramol.

"'Yata, tsaya ki gani," na ce. "Jalo, za ka daina ƙwaya?"

"To, Hajiya."

"Gobe za ka ƙara sha?"

"To, Hajiya."

Malamar makaranta ce ni, a aji na tsufa. Na san wanda ya gane, na san mai son a sallame shi ya tafi. Sista ta sauke ido. Ta ce maganinsu zaman tattaunawa ne, Jalo ba zai iya bi ba, mu gwada ɓangaren masu taɓin hankali. Can aka ce ai ba hauka ba ne, shaye-shaye ne, mu koma inda muka fito. Har la'asar muna kai da komo tsakanin ƙofa biyu, Jalo na bin mu da takalmansa a hannu.

A unguwa kowa ya zama malami. "Ki kwantar da hankalinki, Hajiya, irin su Jalo alƙalami bai hau kansu ba."

"Alƙalami bai hau ba," na ce, "amma ƙwaya ta hau."

Aikinsa wanke keke-napep ne a bakin titi. Direbobin ba sa ba shi kuɗi, wai yara za su ƙwace, sai su ɓallo masa abin da su ma suke sha, ya ji ƙarfi. Na je na yi musu tas. Suka ce, "To, Hajiya."

Ranar Alhamis da hantsi jijjiga ta kayar da shi a bakin kwata. Kafin Azumi ta iso da mayafi a hannu, rai ya yi halinsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Hammadu mai keke ya durƙusa a zaurena.

"Wallahi rabin ƙwaya na ba shi, Hajiya. Sai da na tambaye shi ko yana so."

Na miƙe. Na leƙa waje. Keken Hammadu na ƙofar gida, gefe guda fes, ɗaya gefen kumfa ta bushe a kan taɓo.